Dodgers ta Brooklyn: wace rana ce ta fi tsaya wa mutane a rai?

Kawu Direba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da la'asar na ɗauki wani dattijon Bature a tasi, zai kai shekara 80, yana dogara sanda. Ya ce in kai shi titin Bedford, wajen Crown Heights. Muna isa gaban wasu dogayen benaye ya ce in tsaya, kada in kashe mita. Bai sauka ba. Gilashi kawai ya sauke, ya ƙura wa ginin ido kusan minti biyar, har na fara tunanin ko wani nasa ne ya rasu a ciki. Na ce Baba, wa aka rasa? Ya ce ba mutum ba ne, ƙungiya ce. Ashe nan ne filin Ebbets yake a da, gidan Dodgers, ƙungiyar wasan besbol ta Brooklyn, kafin su kwashe kayansu su koma Los Angeles a rushe filin a 1960. Ya ce yana ɗan shekara goma aka tashe su daga makaranta ana ta buga ƙararrawar coci saboda sun ci kofi. Shekarata 14 ina bin titin nan ban san haka ba. Masu sani a cikinku, me ƙungiyar nan ta yi wa mutanen nan haka?

Ɗan Fagge: Kawu, kai ma dai. Ana zaune ƙalau ka kawo mana wasan da mutum zai riƙe kulki yana jiran a jefo masa ƙwallo kamar mai korar ɓera. Awa uku ba gudu ba gumi. Mitar dai ta yi kyau ko?

Kawu Direba: Ta yi kyau, har da na goro. Amma ba ita na zo faɗa ba.

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. A yi wa Bakano uzuri, duk abin da ba a sayarwa a Kwari ba ya ganin darajarsa. Bari in ɗan share fage don waɗanda ba su taɓa kallon besbol ba. Mutum tara-tara ne. Ɓangare ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗayan na bugu. Mai bugu in ya sami ƙwallon sai ya ruga, akwai tasha uku da zai taka kafin ya dawo gida, dawowar nan ita ce maki ɗaya. In ya kuskure jifa mai kyau sau uku an fitar da shi. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanye, masu jifa su koma bugu. Zango tara ake yi. Babu agogo, shi ya sa ba a cewa an ci wasa sai an fitar da mutum na ƙarshe. Ku riƙe wannan, don a nan duk baƙin cikin Dodgers yake.

Shekarar da dattijon Kawu yake nufi 1955 ce. Kafin ita sun je World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin shekara, sau bakwai ba su ɗauka ba: 1916, 1920, sannan 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953. Biyar ɗin ƙarshen nan duk a hannun ƙungiya ɗaya, Yankees ta unguwar Bronx a nan New York. Har magoya bayansu suka mai da "sai baɗi" tamkar takensu.

Maman Ikram: A hannun wa? Malam, ƙara ɗaga murya, mu na Bronx ba mu ji ba.

Malam Bazazzagi: Hajiya an ji, Allah ya huci zuciyarki.

Ɗan Damagaram: Ni wadda take ba ni dariya da tausayi lokaci guda ita ce ta 1941. Wasa na huɗu, Dodgers na gaba da 4 da 3, zango na tara, an fitar da mutum biyu, saura ɗaya. Hugh Casey ya jefo, Tommy Henrich ya kai bugu ya kuskure, karo na uku ke nan. Wato wasa ya ƙare, mutane har sun miƙe. Sai ƙwallon ta suɓuce wa mai cafewa da ke tsugune bayan mai bugu, Mickey Owen, ta gangara baya. Doka kuwa ta ce a irin wannan hali mai bugu na da damar rugawa tasha ta farko. Ya ruga ya isa. Daga nan Yankees suka zuba maki huɗu, aka tashi 7 da 4, washegari suka ɗauke kofin. Ta leƙo ta koma ke nan. Owen kuma ba sakarai ba ne, a shekarar yana cikin masu cafewa da suka fi kowa ƙarancin kuskure, amma har ya mutu da wannan ƙwallo ɗaya ake tuna shi.

Ɗan Fagge: To yanzu na fara ganewa. Kamar gola ne ya kama fenariti a minti na 90 sannan ta zame masa ta tsakanin ƙafa.

Ɗan Damagaram: Kusan haka.

Maman Ikram: Wasa wasa dai, amma ni a ganina kun fara da reshe kun bar tushe. Yarona yana wasan nan a makaranta, ranar 15 ga Afrilu ya dawo gida yana ba ni labarin cewa duk 'yan wasan manyan ƙungiyoyi lamba 42 suka sa, lambar Jackie Robinson, babu mai wata lamba. Shi ya sa na zauna na bibiya. Ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya shiga filin Ebbets da rigar Dodgers, baƙar fata na farko a babban rukuni tun shekarun 1880. Ku lura da shekarar. Sai 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin daina wariya a rundunar soja. Sai 1954 kotun ƙoli ta haramta raba makarantu. Rosa Parks, matar da ta ƙi tashi wa Bature daga kujerar bas, sai ƙarshen 1955. Shi wannan bawan Allah duk ya riga su, kuma shi kaɗai a fili, dubban mutane na kallonsa kullum. Wace ƙwallo ce za ta kai wannan?

Malam Bazazzagi: Hajiya ta kawo magana. Kuma abin da mutane ba su cika sani ba, Robinson ba mai sanyin hali ba ne. A 1944 yana soja a Texas direban bas ya ce ya koma kujerar baya, ya ƙi, har aka gurfanar da shi a kotun soja, ta wanke shi. Irin wannan mutum ne shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya kira ofis a watan Agustan 1945 ya gindaya masa sharaɗi: duk zagin da za a yi maka, duk takalar da za a yi, ba ramuwa. Ya yarda. Aka tura shi Montreal a 1946 ya yi shekara a ƙaramar ƙungiyarsu, sannan aka ɗauko shi. Tun kafin a fara kaka wasu daga cikin abokan wasansa, akasari 'yan Kudu, suka fara tara sa hannu cewa ba za su yi wasa da shi ba, koci Leo Durocher ya tara su cikin dare ya taka musu burki. Kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya yini yana zazzaga masa ashar daga benci. Masu jifa suna auna jikinsa da gangan, masu gudu suna taka shi da ƙusoshin takalmi, ga wasiƙun barazanar kisa, ga otal da ke hana shi kwana tare da sauran. Da duk wannan ya gama shekarar a matsayin gwarzon sabbin 'yan wasa, a 1949 kuma ya zama gwarzon rukunin gaba ɗaya. Shekara 53 kacal ya yi a duniya, ya rasu a 1972, kansa fari fat, ciwon suga ya kusa cinye masa ido. Ni dai ban raba wannan da haɗiye fushin da ya yi ba, ko da yake ni ba likita ba ne.

Barista: Ina karanta ku tun ɗazu. Robinson ban da ja a kansa. Amma Rickey da ake ta yi wa kirari, a yi a hankali. Ɗan kasuwa ne. Ya ga baƙaƙen fata na da nasu rukunin cike da gwanaye, ya ga New York cike take da baƙaƙen da za su sayi tikiti. Ya ɗauke Robinson daga Kansas City Monarchs ko sisi bai biya su ba. Bill Veeck na Cleveland da ya ɗauki Larry Doby a watan Yulin shekarar, shi ya biya masu ƙungiyar Newark. Cikin 'yan shekaru rukunin baƙaƙen ya durƙushe, ƙungiyoyin da baƙaƙe suka mallaka, da masu aiki a cikinsu, duk suka bi ruwa. 'Yan wasa sun shiga gidan Turawa, masu gida baƙaƙe sun rasa nasu gidan. Wannan ba a cika faɗa ranar 15 ga Afrilu ba.

Maman Ikram: Barista, to da a bar wariyar ke nan don kada kasuwar wasu ta mutu?

Barista: Ban ce haka ba, Hajiya. Cewa na yi wanda ya ɗauki kayan mutane ya biya.

Malam Bazazzagi: Maganar biya gaskiyarka ce, ba na kare shi. Amma in kuɗi ne kawai, ai masu ƙungiya 16 ne a lokacin, duk sun san lissafi, me ya hana sauran 15? Yankees da suka fi kowa son kuɗi sai 1955 suka sa baƙar fata na farko, Elston Howard. Boston Red Sox sai 1959. Rickey mutum ne mai riƙo da addininsa, har ba ya zuwa filin wasa ranar Lahadi. Ni na ɗauka abu biyun duk suna cikinsa, tsoron Allah da son riba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Maman Ikram: Malam, wannan ta 1955 ɗin da ka jefo mana, na ji ta. Allah ya isa.

Ɗan Fagge: Ni tambayata ɗaya. Sunan nan Dodgers, sunan gari ne ko na mai ƙungiya?

Kawu Direba: Wannan ko ni na sani, dattijon ya faɗa min. A da Brooklyn cike take da taragon lantarki masu bin tsakiyar titi, mutanen garin kullum cikin kauce musu suke. Ma'anar sunan ke nan, masu kaucewa. Kamar dai a ce da ku 'yan Fagge masu kauce wa A Daidaita Sahu.

Ɗan Damagaram: A bar ni in kawo tawa, don ni a Harlem nake, kuma in na leƙa ta taga ina hango benayen da aka gina a inda filin Polo Grounds yake, gidan Giants, wata ƙungiyar ta New York a lokacin. Ranar 3 ga Oktoba 1951. A tsakiyar Agusta Dodgers sun ba Giants ratar wasa 13, kowa ya gama cewa an gama. Sai Giants suka ci 16 a jere, suka ci 37 cikin 44 na ƙarshe, aka gama kaka kunnen doki. Aka ce a yi wasa uku na raba gardama. Giants suka ci na farko, Dodgers suka rama da 10 da nema. Na uku, an shiga rabin ƙarshe na zango na tara Dodgers na da 4, Giants na da 1. Don Newcombe ya yi jifa tun farkon wasa, hannu ya gaji. Aka rage ya zama 4 da 2, mutum biyu na tsaye a tasha. Aka cire shi aka kawo Ralph Branca, mai lamba 13 a baya. Jifa na biyu Bobby Thomson ya ɗaga ta ta faɗa cikin 'yan kallo ta hagu. Maki uku a bugu ɗaya, 5 da 4, kaka ta ƙare. An nuna wasan a talabijin daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan, sojojin da ke Koriya ma sun ji a rediyo. Akwai hoton da nake so: kowa na Dodgers ya juya ya nufi ɗaki, Robinson kaɗai ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallo ya tabbatar Thomson ya taka kowace tasha.

Malam Bazazzagi: Ka faɗi rabi, ɗan'uwa. Ƙarasa.

Ɗan Damagaram: Wane rabi kuma?

Malam Bazazzagi: Na madubin hangen nesa. Mai cafewa yana yi wa mai jifa ishara da yatsu tsakanin cinyoyinsa, irin jifan da zai yi, mai sauri ko mai lanƙwasa. Tun watan Yuli Giants suka ajiye mutum da madubi a tagar ɗakinsu da ke can ƙarshen fili, yana karanta yatsun. Aka ja waya aka sa ƙararrawa, in ya danna sai wani ya yi wa mai bugu alama. An daɗe ana raɗe-raɗi, sai a 2001 jaridar Wall Street Journal ta fito da shi dalla-dalla, wasu 'yan wasan da kansu suka amsa. Kocin da ya shirya abin kuwa Durocher ne, wanda ya bar Dodgers ya koma Giants a 1948. Branca ya sha zagi shekara 50 a kan abin da aka yi masa maguɗi.

Ɗan Damagaram: Thomson har ya rasu yana cewa a wannan jifan bai karɓi alama ba. Kuma ko an faɗa maka abin da ke zuwa, sai ka iya bugawa. A ba Ɗan Fagge kulki a ce masa ga mai sauri nan tafe, mu gani.

Barista: Wannan hujja ba za ta tsaya a gaban alƙali ba. Ko a ce jifan ƙarshe halal ne, wasa 37 ɗin da suka kai su wurin fa?

Ɗan Damagaram: Da yawa a waje aka ci su, inda babu taga babu madubi.

Barista: Kunnen doki aka yi fa. Wasa ɗaya tak na haram ya isa.

Ɗan Fagge: Yau ga Bature da satar amsa. Ashe ba mu muka fara ba.

Kawu Direba: Jama'a kun bar ni a tasha. Ta dattijona nake jira, 1955.

Malam Bazazzagi: Afuwan Kawu. A shekarar sun fara kaka da cin wasa goma a jere, ba wanda ya kamo ƙurarsu. Ga Roy Campanella a cafewa, Gil Hodges, Pee Wee Reese, Duke Snider, Carl Furillo, Newcombe, Robinson kuma ya fara manyanta, shekararsa 36. Suka sake haɗuwa da Yankees. Aka ci su biyun farko, kowa ya ce ga ta nan, sai baɗi. A wasan farkon ne ma Robinson ya saci hanya daga tasha ta uku ya faɗo gida tun ƙwallo na hannun mai jifa, alƙali ya ce ya isa, Yogi Berra, mai cafewa na Yankees, ya yi ta tsalle yana rantsuwa, kuma har tsufansa bai yarda ba. Suka dawo Ebbets suka ci uku a jere, Yankees suka ci na shida. Na bakwai ranar 4 ga Oktoba a gidan Yankees. Koci Walter Alston ya ba yaro ɗan shekara 23 ƙwallo, Johnny Podres.

Hodges ya kawo maki biyu. A zango na shida Alston ya sa wani ɗan Kuba, Sandy Amoros, ya tsare ɓangaren hagu. Shigarsa ke nan Yankees suka sa mutum biyu a tasha, ba a fitar da kowa ba, Berra ya zo bugu. Berra bahago ne a bugu, ƙwallonsa dama take zuwa, don haka duk masu tsaro sun karkata can. Sai ta tashi ta nufi lungun hagu, dab da layi. Amoros ya taho a guje tun daga nesa, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ta faɗa cikin safar hannun da yake cafewa da ita. Abin lura a nan, shi ma bahago ne, safarsa a hannun dama take, hannun da ke kusa da layin. Wanda ke wurin kafin shi, Jim Gilliam, a hagu yake sa tasa, da wuya ya kai. Ya juyo ya jefa wa Reese, Reese ya jefa wa Hodges, aka fitar da Gil McDougald da ya riga ya yi nisa yana zaton ta faɗi ƙasa. Mutum biyu a lokaci guda. Daga nan Yankees ba su sake farfaɗowa ba, aka tashi 2 da nema. Shi ne kofi na farko, shi ne kuma na ƙarshe da aka kai Brooklyn. Robinson bai buga wannan wasan ba, yana benci.

Maman Ikram: Barka da arziki. Baɗin da ta biyo fa? A faɗa ko in faɗa?

Malam Bazazzagi: Faɗi abinki, Hajiya.

Maman Ikram: 8 ga Oktoba 1956, wasa na biyar. Don Larsen, wanda ba wani shahararre ba ne, a wasa na biyu ma tun zango na biyu aka cire shi. Mutum 27 na Dodgers suka zo gabansa, 27 suka koma, ko ɗaya bai taka tasha ta farko ba. Jifa 97. Ba a taɓa yi a World Series ba, ba a kuma sake ba har yau. Berra ya ruga ya ɗafe shi kamar yaro ya ga babansa ya dawo daga Makka. Kofin kuma ya dawo Bronx inda ya saba kwana.

Ɗan Fagge: Wato a taƙaice, ƙungiyar da kuke ta yabo sau ɗaya ta ci, sauran duk labarin yadda aka lallasa ta ne.

Barista: Ka faɗi gaskiya da wasa. Yankees sun ci kofi biyar a jere daga 1949 zuwa 1953, amma ban taɓa jin wani ya ɗauki tasi ya je ya zauna yana kallon inda tsohon filinsu yake ba.

Maman Ikram: Saboda mu ba a sace mana ƙungiya ba. Tsallaka titi kawai muka yi.

Barista: To ga inda nake so a zo. Kowa na tsine wa Walter O'Malley, wanda ya karɓi ragamar ƙungiyar daga Rickey a 1950. 'Yan Brooklyn har barkwanci gare su: in aka haɗa ka ɗaki da Hitler da Stalin da O'Malley, harsashinka biyu, wa za ka harba? Wai O'Malley, sau biyu. Amma a duba takardu. Filin Ebbets tun 1913 yake, mutum dubu 32 yake ɗauka da ƙyar, wurin ajiye mota bai wuce na 700 ba, magoya baya kuma sun fara ƙaura bayan gari, sai da mota suke zuwa. Ya nemi a taimaka masa ya sami fili a mahaɗar Atlantic da Flatbush, kan tashar jirgin ƙasa, ya gina da kuɗinsa. Robert Moses, wanda duk wani babban gini na birnin sai da yardarsa, ya ƙi, ya ce sai dai Queens. Los Angeles kuma ta zo da tayin fili. Ɗan kasuwa ya yi me?

Kawu Direba: Barista, ɗazu ka kama Rickey da laifin zama ɗan kasuwa, yanzu kuma ka wanke O'Malley da shi.

Barista: Rickey bai biya ba ne, Kawu. Wannan ya nemi ya biya aka hana shi.

Malam Bazazzagi: Ba asara yake yi a Brooklyn ba fa, ƙungiyar na cikin masu samun riba. Riba ce ya hango wadda ta fi. Kuma filin da aka ba shi can, Chavez Ravine, unguwar 'yan asalin Meziko ce da aka tasa da sunan za a gina musu gidaje, ba a gina ba. Na ƙarshensu a 1959 'yan sanda suka ɗauko su cak daga cikin gida, ana ɗauka a talabijin. Kuka biyu aka yi, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Abin haushin, kusa da wurin da Moses ya hana, yanzu ga Barclays Center nan an gina ana ƙwallon kwando.

Ɗan Damagaram: Mu ma ya ja mana, Giants suka bi shi suka tafi San Francisco bayan kakar 1957. Da aka kafa sabuwar ƙungiyar New York, Mets, a 1962 sai aka ɗauki shuɗin Dodgers da ruwan lemon Giants aka haɗa musu riga, wai a share wa marayu hawaye.

Maman Ikram: Ni wanda ke karya min zuciya Campanella ne. Sau uku yana gwarzon rukuni, 1951, 1953, 1955. Watan Janairun 1958, ana shirin tafiya, motarsa ta zame a kan ƙanƙara, wuyansa ya karye, bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Bai buga ko wasa ɗaya a Los Angeles ba. A watan Mayun 1959 aka shirya masa wasa na musamman a can, mutum 93,103 suka zo. Reese ya turo kekensa zuwa tsakiyar fili, aka kashe fitilu, kowa ya kunna ashana. Kuma Yankees ne suka tashi tun daga New York suka je aka buga da su, a rubuta mana wannan.

Malam Bazazzagi: An rubuta, Hajiya.

Ɗan Fagge: To ranar da za su bar garin, an cika filin ana kuka ko?

Malam Bazazzagi: 24 ga Satumba 1957, da Pittsburgh, suka ci 2 da nema. Mutum 6,702 ne suka zo.

Barista: Kun ji ko? Masoyan da ake faɗa.

Kawu Direba: Na yi wa dattijon irin wannan tambayar da muna komawa. Ya ce babansa ne ya hana su zuwa, ya ce ba za a sake ba mutumin nan ko kwabo ba. A rediyon kicin suka saurara, uban na zaune ya juya wa rediyon baya. Na ce to yanzu Mets kake goyon baya? Ya ce yana dai kallonsu. Na ce Dodgers fa, ai suna ta cin kofi a can? Ya ce bai san wata ƙungiya mai wannan suna ba. A Flatbush na sauke shi, gidan 'yarsa.

Ɗan Fagge: Kawu, in ka sake ɗaukarsa ka tambaye shi ko yana da labarin madubin nan.

Ɗan Damagaram: Kada ka soma, Kawu. Mutumin na dogara sanda, kuma a bayanka yake zaune.